Wa Yake Tantance Tallan Magani, Na Masu Sana'a Da Na Kayan Gida Kafin Ya Iso Gare Mu?

Idan mutum ya ji tallan magani a rediyo, ko ya ci karo da na mai gyaran wuta a Facebook, ko ya ga na wata tukunya da aka ce abinci ba ya kamawa a cikinta, shin akwai wanda ya binciki gaskiyar maganar kafin a sake ta? Tambayar takan taso duk lokacin da wani magani ya kwantar da mutane, ko wani da ya kira kansa gwani ya karɓi kuɗi ya ɓata aiki. Sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce ai tunda gidan rediyo ya yarda ya saka, kuma hukuma tana ji ba ta tsawatar ba, dole akwai ƙamshin gaskiya. Wasu kuma su ce talla duk ƙarya ne, a hana kowa a huta.

Duka ɓangarorin biyu sun yi wa lamarin kuɗin goro. Kaso mafi yawa na tallace-tallacen da ke yawo a duniya babu wanda ya duba su kafin su fita. Bincike yakan biyo baya ne, bayan wani ya kai ƙorafi. Sannan ba kowane talla ne ke ɗauke da haɗari iri ɗaya ba. Tallan bokiti da tallan maganin ciwon suga suna iya fitowa daga baki ɗaya da zaƙi iri ɗaya, amma ɓarnar da ƙarya za ta yi a cikin kowannensu ba ɗaya ba ce, kuma dalilin hakan ne ya kamata a fara ganewa.

## Kaya iri uku ne, kuma a na ukun talla ya fi cin kasuwa

A 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Phillip Nelson, ya raba kayan da ake saye gida biyu. Akwai waɗanda ido da hannu ke iya tantancewa kafin a biya: bokiti, faranti, kujera, tsintsiya. Ka ɗaga, ka juya, ka ƙwanƙwasa. A nan talla ba ya iya tafiya da ƙarya nesa, domin gani ya kori ji. Akwai kuma waɗanda sai an yi amfani da su ake sanin halinsu, irin sabulu, batir, fanka da katifa. Ana iya cutar ka sau ɗaya, amma ba za ka koma ba, kuma mai kayan ya san ribarsa tana wurin wanda ya dawo ne. Wannan tsoron rasa mai dawowa shi ke taka masa birki.

Bayan shekara uku, a 1973, Michael Darby da Edi Karni suka ce akwai gida na uku da aka bari a baya: abin da ko bayan ka biya ka yi amfani da shi, ba za ka taɓa sanin ko an yi maka daidai ba.

Ɗauki mota da ta fara wata ƙara daga ƙasa. Bakanike ya leƙa, ya fito yana goge hannu, ya lissafa abu uku da za a canza. Aka canza, ƙarar ta tafi, mai mota ya yi godiya har da ƙarin na shan ruwa. To wanne ne cikin ukun ya lalace? Ko kuwa babu ko ɗaya, wani noti ne ya kwance aka ɗaure shi cikin minti biyu? Mai motar ba shi da hanyar sani, tsofaffin kayan ma ba lalle ya gane su ba ko an miƙa masa. Haka wanda likitan haƙori ya ce masa haƙori huɗu ne ke buƙatar ciko. Haka wanda lauyansa ya faɗi shari'a: shari'ar ce ba ta da ƙwari tun asali, ko lauyan ne bai yi aikinsa ba? A duk waɗannan, wanda ke faɗa maka abin da ke damun ka shi ne kuma mai sayar maka da maganinsa. Magani da kusan duk ayyukan ƙwararru a wannan gida suke zaune, shi ya sa suka fi kowa dogara da talla, shi ya sa kuma ƙasashe suka fi kafa musu doka.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya nuna tun 1970 da misalin kasuwar motocin hannu cewa idan mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da mai aibu, ba zai yarda ya biya farashin mai kyau ba, sai masu kayan kirki su janye, kasuwa ta rage wa masu na banza. Mai haɗa wuta da ke sa waya mai kaurin da ya dace ba zai iya karya farashi kamar wanda ke sa siririya ba. Da zarar an shafe bango an yi fenti, aikin biyun kamarsu ɗaya. Na biyun ne zai rubuta "mafi araha" a tallansa, shi ne kuma wayarsa za ta fi yin ƙara.

## Ina zuzutawa ta ƙare, ina alkawari ya fara?

Doka a ƙasashe da dama ta bar wa mai kaya filin yabon kayansa. "Babu kamarsa", "sarkin sabulai", "gwanin gwanaye": maganganu ne da ba su da ma'auni, kuma kotu tana ɗaukar cewa mai hankali ba ya gina ciniki a kansu. Inda gizo ke saƙar shi ne idan yabo ya rikiɗe ya zama magana mai awo, kamar a ce yana warkar da cuta kaza cikin kwana kaza, ko shekara kaza ba ya tsatsa.

Shari'ar da ɗaliban lauya ke fara cin karo da ita a kan wannan a Ingila aka yi ta. A 1891, ana tsakiyar annobar wata mura mai kisa, kamfanin Carbolic Smoke Ball ya tallata wata 'yar ƙwallon roba mai bututu da ake cusawa a hanci a matsa ta fesa sinadari. Tallan ya ce duk wanda ya yi amfani da ita sau uku a rana har mako biyu, sannan murar ta kama shi, za a ba shi fam 100, kuma an ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske ake. Wata mata mai suna Louisa Carlill ta saya, ta bi ƙa'ida, mura ta kwantar da ita a watan Janairun 1892, ta nemi kuɗinta. Kamfanin ya ce ai zancen talla ne, ba yarjejeniya ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda. Wanda ya ambaci adadi, ya kuma ce ga kuɗi can a banki, ya wuce yabo ya shiga alkawari, don haka ya biya ta.

Darasin da masu talla suka ɗauka ba shi ne su daina yaudara ba. Abin da suka koya shi ne su guji maganar da za a iya kama su da ita. Saurari tallan magani da kyau: da wuya babban kamfani ya ce "yana warkarwa". Zai ce "yana taimakawa wajen", ko "yana tallafa wa garkuwar jiki". Kunne ya ji waraka, takarda kuwa ba ta ɗauki nauyin komai ba.

## Me ya sa maganin banza ke samun shaidu na gaskiya?

Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya fito yana rantsuwa cewa magani kaza ya warkar da shi, haya aka ɗauko shi. Akwai na haya. Amma da yawansu gaskiyar abin da suka gani suke faɗa, kuma wannan ne ya sa shaidarsu ta fi haɗari, don babu alamar ƙarya a muryarsu.

Cututtuka da yawa da kansu suke tafiya. Mura ta yau da kullum takan yi kwana bakwai zuwa goma ta wuce, ko an sha magani ko ba a sha ba. Duk abin da aka haɗiya a rana ta biyar shi zai kwashe yabon. Wasu cututtukan kuma tashi suke su lafa, irin ciwon baya, ciwon gaɓoɓi, asma da ƙaiƙayin fata. Yaushe mutum ke neman maganin da ya ji a talla? Ranar da ciwon ya kai maƙura. Daga maƙura kuwa sauƙi ne ya fi kusa, da magani ko babu. Ga kuma sa rai kansa, wanda bincike ya tabbatar yana rage jin zafi da tashin zuciya ko da garin banza aka ba mutum, sai dai ba ya rage ƙari, ba ya saukar da suga. A ƙarshe, wanda maganin bai yi wa aiki ba ba a kiran sa gaban makirfo, wanda ya rasu kuwa ba ya ba da shaida.

Mafi muni shi ne maganin da yake "aiki" da gaske saboda abin da aka ɓoye a cikinsa. Hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha gwada kayan da aka rubuta wa "tsantsar ganye" su tarar da maganin asibiti a ciki. A na ciwon gaɓoɓi akan sami deksametason ko danginsa, wanda ke kashe zafi da kumburi nan take, amma idan aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya raunana ƙashi, kuma daina shi rana ɗaya haɗari ne. A na ƙarfin maza akan sami sildenafil, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da hawan jini ƙasa warwas. A shayin rage ƙiba akan sami sibutramine, da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A man hasken fata kuma akan sami mekuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Mai shan irin waɗannan zai ga canji cikin kwanaki, zai kuma kawo 'yan uwansa da zuciya ɗaya.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma ba halin wata ƙasa ɗaya ba ne. A ƙarni na 19 iyaye mata a Amurka da Ingila sun yi ta ɗura wa jarirai masu haƙori wani ruwan magani mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup. Yaro yakan yi shiru kamar yadda tallan ya alkawarta, domin mofin, ƙwaya mai ƙarfi da ke kashe zafi ta sa barci, ne a ciki, wasu kuma ba su farka ba. A 1916 gwamnatin Amurka ta samu wani mai suna Clark Stanley da laifi kan "man maciji" da ya yi shekaru yana sayarwa, bayan gwaji ya nuna babu maciji a ciki, man ma'adinai ne da ɗan kitse da barkono. Tarar da aka ci shi dala 20 ce. A 1932 attajiri Eben Byers ya mutu bayan ya sha ɗaruruwan kwalaben Radithor, ruwa mai sinadarin radiyam da ake tallatawa a matsayin mai ƙara kuzari, har muƙamuƙinsa ya zagwanye. Shi ma a farko yabon ruwan yake, yana raba wa abokansa.

Kowace doka mai ƙarfi kusan sai da aka yi asarar rayuka kafin ta zo. Dokar abinci da magani ta Amurka ta 1906 ta biyo bayan tonon sililin da ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya yi a mujallar Collier's a 1905. Wadda ta tilasta a nuna magani ba ya cutarwa kafin a sayar, ta 1938, ta zo ne bayan wani ruwan magani ya kashe mutum fiye da 100 a 1937. Biritaniya ta haramta tallata maganin ciwon daji ga jama'a a 1939. Indiya ta yi dokar 1954 da ta jera cututtuka masu yawa da ba a yarda kowa ya yi tallan warkar da su ba. Ko maganin asibiti da sai likita ya rubuta, Amurka da New Zealand ne kaɗai suka bar kamfanoni su tallata shi kai tsaye ga jama'a da cikakken iƙirarin abin da yake yi.

## Kafar da ta ɗauko tallan fa, ba ta da alhaki?

A nan ne mai cewa "ai a rediyo na ji" ya fi yin tuntuɓe. Gidan rediyo, jarida da shafin intanet fili suke sayarwa, kuma mai talla shi ne abokin cinikinsu, ba mai sauraro ba. A zamanin Adams an bankaɗo cewa masu magungunan nan suna sa wani sharaɗi da jan tawada a kwangilarsu da jaridu: idan jiharku ta yi dokar da ta takura mana, kwangilar ta mutu. Sai ga editoci sun zama masu yaƙi da dokar, ba tare da kowa ya ba su cin hanci a ambulan ba.

Wasu wuraren ana dubawa kafin a saka. A Biritaniya akwai wata cibiya da ke tantance tallan talabijin kafin ya fita. Amma a intanet yawan tallan ya fi ƙarfin idon ɗan Adam, manhaja ce ke yin yawancin tacewar, kuma gurbin da ke saman shafi gwanjonsa ake yi. Kuɗin da mai talla ya taya yana cikin manyan abubuwan da ke kai shi can. Wanda ya fito a sahun farko da 'yar alamar "talla" a gefensa ba don ya fi iya aiki aka sa shi ba.

A 2016 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Sin, Wei Zexi, ya rasu da wani nau'in ciwon daji bayan iyalinsa sun kashe abin da suka mallaka a kan wani magani da ba a tabbatar da amfaninsa ba, a wani asibiti da ya gano a saman sakamakon binciken Baidu, babban shafin bincike na intanet a ƙasar. Kafin ya rasu ya rubuta abin da ya same shi, ƙasar ta ɗauki zafi, hukumomi suka umarci kamfanin ya riƙa nuna sakamakon da aka biya ƙarara, kuma kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na shafi. Tarayyar Turai ta ɗauki wani matakin: dokarta ta harkokin intanet, da ta fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024, ta hana a yi amfani da bayanan lafiyar mutum wajen aika masa talla. Dalilin a fili yake. Mai neman maganin rashin haihuwa da ƙarfe biyun dare ba ya cikin halin yin ciniki da sanyin kai, kuma manhaja ta san shi.

Maimaici ma aikinsa yake yi. Tun 1977 masana halayyar ɗan Adam suka nuna cewa maganar da aka sake ji takan ƙara kama da gaskiya a zuciya, ko da babu wata sabuwar hujja. Tallan da ke fitowa sau biyar a rana bai ƙara dalili ko ɗaya ba, sabo kawai ya ƙara.

## Lambar rajista ba ta nufin abu ɗaya a ko'ina

"Hukuma ta yi masa rajista" magana ce da ake so a ji ta a matsayin "hukuma ta tabbatar yana warkarwa". Sau da yawa ba haka ba ne. Rajista tana iya nufin an san mai yin kayan da inda yake, ko an duba babu guba a samfurin da ya kai. A Amurka, ƙarƙashin dokar 1994, kayan ƙarin gina jiki ba sa buƙatar amincewar hukumar magunguna kafin su shiga kasuwa. Abin da ake nema shi ne a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, kuma ba magani ba ne. Rubutun yana nan, da ƙananan haruffa a can ƙasa. Lamba kuma ana iya kwafe ta daga wani kwali a manna.

## To, me zai hana a haramta wa ƙwararru talla baki ɗaya?

An gwada, kuma an daɗe a kai. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta hana mambobinta talla tun 1908, likitoci ma sun yi haka. Hujjarsu tana da nauyi: mara lafiya da wanda ke cikin rikicin shari'a ba su da ƙarfin auna abin da ake faɗa musu, kuma idan aka buɗe ƙofa, mai babbar murya zai rinjayi mai babban ilimi. Indiya har yau tana kan wannan ra'ayin game da lauyoyi, abin da aka yarda musu bai wuce 'yan bayanai na asali a shafinsu na intanet ba.

Sai dai haramcin yana da wani amfanin da masu shi ba sa son ambata. Yana kare tsofaffin hannu daga gasar sabbi, yana kuma ɓoye farashi. A 1972 Lee Benham ya kwatanta farashin tabarau a jihohin Amurka, ya tarar ya fi tsada a jihohin da suka hana talla. A 1976 wasu matasan lauyoyi biyu a birnin Phoenix, John Bates da Van O'Steen, da ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi ayyuka irin sakin aure da babu jayayya da canza suna, suka buga farashinsu a jarida. Ƙungiyar lauyoyi ta hukunta su, magana ta kai kotun ƙoli, a 1977 alƙalai biyar cikin tara suka ce ba za a hana lauya faɗin gaskiyar farashinsa ba.

A ganina ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Tallan da ya ce ga aikin da nake yi, ga inda nake, ga lasisina, ga kuɗina, yana taimakon wanda bai san kowa ba, kuma shi ne hanyar da sabon mai sana'a zai samu aikin farko. Attajiri yana da lauyan iyali da likitan da zai kira. Baƙo da talaka su ne ke buƙatar allon. Tallan da ya ce ba na faɗuwa a shari'a, ko aikin tiyatata ba ya samun matsala, wani abu ne dabam, domin alkawarin sakamako ne a fagen da babu mai iya lamunce sakamako. Ƙasashe da yawa a kan wannan layin suka tsaya: faɗi bayani, kada ka yi alkawari, kada ka kushe abokin sana'a.

Ko tallan farashin ma yana da tarkonsa. Sanannen misali shi ne na masu buɗe makulli a manyan birane: talla ya nuna ɗan kuɗi kaɗan da adireshin da yake kusa da kai, ka kira kana tsaye a ƙofar gidanka da dare, a turo wanda zai ce wannan makullin sai an huda, kuɗi ya ninka sau da yawa. Adireshin kuwa babu shago a wurin, lambar wata cibiyar amsa waya ce da ke sayar da kiran ga duk wanda ya biya ta.

## Kayan gida: ƙarya kaɗan, ƙirƙirar buƙata da yawa

Tunda mai saye zai gane sabulun da ba ya wanki, dabarar a nan takan zama a sa masa damuwar da ba shi da ita. A shekarun 1920 masu Listerine, wani ruwan kuskure baki, suka ɗauko sunan likitanci na warin baki suka cika jaridu da labaran 'yan matan da suka rasa miji saboda shi, ba kuma wanda zai faɗa musu. Ciniki ya tashi sama. Sabulun "kashe ƙwayoyin cuta" ma ya daɗe yana cin wannan kasuwa, har sai a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sinadarai 19 a irin sabulan, ciki har da triclosan, saboda kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa na yau da kullum amfani. Asarar a nan yawanci ta aljihu ce. Inda ta wuce aljihu shi ne kayan da aibunsu ke ɓoye, kamar wayar wuta, caja, murhun gas da maganin ƙwari. Waɗannan sunansu kayan gida, amma a gida na uku suke.

## Taurari biyar da bakin masu mabiya

Da jama'a suka rage yarda da talla sai suka koma ga abin da sauran masu saye suka rubuta. Talla ya bi su can. Kamfanin Amazon ya ce a 2022 kaɗai ya toshe sharhi fiye da miliyan 200 da yake zargin na bogi ne. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, ta fara aiki a Oktoban 2024, Biritaniya ma ta bi sahu a Afrilun 2025. Masu dubban mabiya kuwa ƙarfinsu shi ne ba sa kama da 'yan talla, kamar ƙawa ce ke ba ki shawara daga ɗakin girkinta. A 2015 sai da hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi wani kamfani bayan tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta yabi maganinsa na laulayin ciki a Instagram ba tare da faɗin illolinsa ba. Aka cire saƙon, ta sake wallafa wani da illolin a ciki.

Ko sharhin gaskiya ma yana da iyaka a gida na uku. Wanda ya ba likita tauraro biyar, fara'arsa da tsabtar ɗakin jira da saurin ganinsa ya auna, tunda su ne abin da zai iya gani.

## A kan wa asarar ke faɗawa?

Tarar dala 20 ta Clark Stanley ta nuna matsalar da har yanzu ba a gama magancewa ba: idan hukunci bai kai riba ba, ya zama kuɗin shiga kasuwa. Shi ya sa wasu hukumomi suka koma tilasta wa mai talla ya warware ƙaryarsa da kuɗinsa. A 1975 aka umarci masu Listerine, da suka shafe shekaru hamsin suna cewa yana hana mura da ciwon maƙogwaro, su riƙa faɗa a tallansu cewa ba ya hanawa, har sai sun kashe kimanin dala miliyan 10 a tallan da ke ɗauke da gyaran. A 2024 kotun ƙolin Indiya ta sa shugabannin kamfanin magungunan gargajiya na Patanjali neman afuwa a jaridu kan tallan warkar da cututtuka, har alƙalan suka tambaya ko girman neman afuwar ya kai girman tallan. Irin waɗannan hukunce-hukunce ba su da yawa, kuma manyan kamfanoni masu adireshi suke kamawa. Mai sayarwa ta lambar waya da shafin da zai goge gobe ya buɗe wani, da wuya a cim masa.

Saura ya rage a kan mai saye, kuma ba daidai ake raba shi ba. Wanda asibiti ya yi masa nisa ko tsada shi ya fi sauraron mai cewa kwalba uku ta isa. Kuɗin kwalbar ba shi ne babbar asarar ba. Watannin da mai ciwon suga ya ajiye maganinsa, ko mai ƙari a nono ta yi tana shafa mai, su ne ba sa dawowa.

Abin da ke hannun mutum shi ne ya tambayi kansa wa zai biya idan maganar ta zama ƙarya. Garanti a rubuce, rasit mai suna, wurin da za a iya komawa, lasisin da za a duba a kundin hukumar da ta bayar ba a jikin allon mai shi ba, biyan kuɗin aiki kashi-kashi maimakon gaba ɗaya: duk hanyoyi ne na mayar da wani ɓangare na asarar kan mai alkawarin. A babban gyara ko tiyata, a raba mai dubawa da mai yin aikin, a biya wani dabam ya duba kawai, ya san ba shi zai samu kwangilar ba. Sannan tunda yawancin tsarin sa ido da ƙorafi yake motsawa, wanda aka cuta ya yi shiru don kunya ya bar tallan yana ci gaba da fita. Hukumar kula da ingancin talla ta Biritaniya, da aka kafa a 1962, ba ta jiran taron jama'a kafin ta buɗe bincike. Ƙorafin mutum ɗaya ya sha zama sanadin sauke talla a faɗin ƙasar.